Zafin da Ke Bin Hayaƙi: Tarihin Murhu da Ruwan Ɗumi a Ƙasar Kazaure da Kewayenta

Duk wanda ya nemi tarihin ƙasar Kazaure, abin da za a fara ba shi shi ne labarin Ɗantunku: yadda ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a a 1819, da yaƙin da ya biyo baya na 'yan shekaru, da yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar masa da ƙasarsa, har ɗansa Dambo ya zauna a garin Kazaure ya mai da shi fadar masarauta. Wannan tarihin dawaki da tutoci ne, kuma ya sami marubuta. Akwai wani da ya girme shi, wanda ake maimaitawa sau biyu ko uku kowace rana a bayan kowace danga, tun daga duwatsun Roni da Gwiwa har zuwa rairayin Babura, wato tarihin duwatsu uku da tukunya a kansu. A wannan maƙala zare guda nake son bi daga cikinsa: ina zafin da bai shiga tukunya ba yake tafiya, me kakanninmu suka yi don su tare shi su ɗumama ruwa, kuma me ya sa dabararsu ta tsaya a inda ta tsaya.

Sai an ɗan yi lissafi kafin a gane girman abin da ake magana a kai. Masu auna murahu sun daɗe da gano cewa murhun duwatsu uku, yadda ake hura shi a tsakar gida, abin da yake kai wa tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba. Sauran kuwa, wani ya bi hayaƙi, wani iska ta kwashe shi ta gefe, wani ƙasa da duwatsu suka shanye, wani ya rage cikin garwashi. Kilo guda na busasshen itace yana ɗauke da kimanin megajul 15 na zafi, lita guda ta ruwa kuma tana buƙatar kilojul 4.2 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Mu ƙaddara gida yana ƙona kilo 5 a yini. Ya saki megajul 75 ke nan, fiye da 60 daga ciki ba su taɓa abinci ba. Da za a tare kashi ɗaya cikin goma na wannan asara, ya isa ya ɗaga ruwan jarka uku masu lita 20 daga digiri 20 zuwa 45, wato daga sanyin randa zuwa ɗumin da jiki ke so, ba tare da an ƙara ko tsinke a wuta ba.

Baƙon da ya san ƙasarmu da zafin bazara kawai zai yi mamakin a ce ruwan ɗumi abin damuwa ne. Sai ya kwana a Babura cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ke busowa kai tsaye daga ƙetaren iyakar Nijar, ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15 kafin asuba, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage. Tun daga Nuwamba har Fabrairu, tsoho yana buƙatar ruwan ɗumi don alwalar asuba, yaro don wankan tafiya makaranta, jariri kuwa rani da damina ba a taɓa shi da ruwan sanyi. Wadda ke tashi da duhu ta hura wutar, kuma wadda ke shaƙar hayaƙinta, mace ce.

Matan dā ba su san megajul ba, amma sun san murhu yana da saura bayan an sauke tukunya, kuma suna da hanyoyin cin moriyar sauran. Da an kwashe tuwon dare, sai a zuba ruwa a tukunyar don ƙanzo ya jiƙu, a janye itacen da bai cinye ba, a ɗora wata tukunyar ruwa a kan garwashin a rufe ta da faifai. Butar maigida a tura ta cikin rushi a gindin dutse. A ɗebi garwashi a kasko a kai wa tsohuwa ɗaki. Abin da ya rage a binne shi cikin toka, domin kafin ashana ta wadata, macen da wutarta ta mutu sai ta aika yaro maƙwabta da sakaina tun da sassafe, abin da ba kowace mace ke son a san ta da shi ba. Ita kanta tokar ba a zubar da ita, ana tace ta a sami ruwan toka na miya, sauran ya tafi gona. Tukunyar ƙasa ta taimaka ƙwarai a wannan tsari: tana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ta ɗauka tana jinkirin saki, shi ya sa ruwan da aka ɗora bayan isha'i yake iya kai wa asuba da ɗan ɗuminsa. A wasu gidaje kuma akan gina murhu da laka mai baki biyu, tuwo a babba, miya ko ruwa a ƙarami, harshen wuta guda ya lashi tukwane biyu.

Idan aka duba waɗannan dabaru gaba ɗaya, za a ga kusan dukkansu jira suke a gama girki tukuna. Kala ce ake yi bayan girbi. Zafin da ya fi yawa, wanda ke tashi sama lokacin da wuta ke ci ganga-ganga, ba a taɓa shi ba, domin ba a kama hayaƙi sai an yi masa hanya, gininmu na gargajiya kuwa bai yi wa hayaƙi bututu ba. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarancin basira ba. Magina da suka iya ɗaure bakan gizo da azara su rufe soro mai faɗi, da sun ga buƙatar bututun hayaƙi da sun gina. Abin da ya hana shi ne yanayi: wata takwas ko tara a shekara zafi abokin gaba ne, mai girki so take ya tafi, shi ya sa ake girki a fili. In kuma damina ta kora ta cikin ɗaki, hayaƙin da ke ratsa jinka yana da nasa amfani, yana korar gara da ƙwari, yana kare zangarniyar irin da aka rataye a sama.

Wuri guda da Bahaushe ya kusa kai wa ga wannan dabara shi ne gadon ƙasa, wanda ake gina shi da laka a bar masa rami a ƙarƙashi a riƙa zuba wuta. A arewacin ƙasar Sin da Koriya, inda sanyi ke daskarar da ruwa, sun kai abin mataki na gaba tun ɗaruruwan shekaru: hayaƙin wutar girki ne suke bi da shi ta ƙarƙashin gado ko daɓen ɗaki kafin ya fita waje, wuta guda ta dafa abinci ta kuma ɗumama makwanci. Namu gadon wutarsa daban ce da ta girki, hayaƙinta kuma cikin ɗakin yake zama. Tazarar da ke tsakanin biyun 'yar hanyar hayaƙi ce da ba ta wuce taku biyu ba.

Gadon ƙasa ya kai mu ga al'adar da ta fi kowace cin itace a gidan Bahaushe, wato wankan jego. Kwana arba'in, safe da yamma, ana tafasa babbar tukunya, mai jego ta riƙa tsoma ganye tana fyaɗa ruwan a jiki, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gado mai wuta, duk don a fitar da sanyin da aka yi imani yana shiga jiki da haihuwa. Haihuwar fari takan wuce arba'in ɗin ma. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana wannan wanka yadda ake yinsa a ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa, kuma haka yake a ƙasarmu. Tara itacen biƙi nauyin miji ne, tun ciki yana wata shida ko bakwai yake fara jibge shi a ƙofar gida, har masu wucewa su gane akwai mai ciki ba tare da an faɗa ba. In muka koma ga lissafinmu, tafasa lita 40 a murhun duwatsu uku yana cin kilo 6 zuwa 9 na itace. A ninka sau 80, sai a ga haihuwa guda ta tashi da rabin tan ko fiye. Magidanci mai mata biyu ko uku, lissafin a bayyane yake. Wani abin lura a nan shi ne al'adar da ake gani kamar ba ta canzawa ta canza ganye: da na tsamiya aka saba, yau darbejiya ta yi kane-kane, alhali ita baƙuwa ce, a wajajen 1928 aka shigo da ita Borno, daga can ta bazu.

Likitoci sun shigo cikin zancen a shekarun 1970. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978, suna zargin gishirin kanwa da ke tara ruwa a jiki, haɗe da tsananin zafin wanka da na gado, da ɗora wa zuciya nauyin da ya fi ƙarfinta. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano ya karkata hankali zuwa wasu dalilai, kamar ƙarancin sinadarin selenium a jiki da talauci da rama, bai kuma ɗora laifin a kan wankan yadda aka yi a dā ba. Gardamar ta likitoci ce, ni ba likita ba ce. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne, abin da ma'aikatan lafiya ke roƙon iyayenmu a yau shi ne a sirka ruwan, a bar tafasasshe mai sale fata. Ruwa mai digiri 40 zuwa 45 kuwa shi ne daidai abin da zafin da ke bin hayaƙi zai iya bayarwa kyauta.

Zuwan Turawa a 1903 bai taɓa duwatsun murhu ba, amma ya canza abin da ake sa wa a ƙarƙashinsu da abin da ake ɗorawa a kansu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, jigawar arewacin lardin Kano kuwa ƙasar gyaɗa ce, sai aka shiga sharar daji ana mai da shi gona. Dokokin daji na 1916 da 1937 suka kawo gandun daji da malaman daji, itacen da mace ke shiga ta saro ya zama abin da ake kama mutum a kansa. A ɗaya gefen kuma garwar kananzir da duro suka shigo, daga baya tukunyar dalma ta ture ta ƙasa. Ƙarfe yana saurin tafasa ruwa, ya rage wa mai jego jira, amma da wuta ta mutu shi ma ya huce.

Canjin da ya fi yi wa tsohuwar dabara illa, a ganina, shi ne na irin itacen. Kalar zafi bayan girki ta dogara ne ga garwashi, garwashi kuma sai itace mai nauyi kamar marke da ƙirya, waɗanda maƙera ma suke nema don gawayi. Kakata ta wajen uwa, wadda ta yi zaman aure a wani ƙauye na Gwiwa, takan ce a ƙuruciyarta gungumen marke guda yana kwana uku bai mutu ba, kuma takan gane itacen da aka yi girki da shi daga kalar tokarsa. Da waɗannan itatuwa suka ja baya, sai gidaje suka koma ga karan dawa da na gero, da ƙiraren sabara da kalgo da geza, da busasshen kashin shanu. Kara yana ci bal-bal ya mutu nan take, bai barin rushin da zai ɗumama ko buta. Ke nan ƙarancin itace ya cuci mace ta fuska biyu: ta ƙara nisan tafiya neman makamashi, kuma ruwan ɗumin da take samu kyauta a dā yanzu sai ta hura masa wuta ta musamman.

Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, su suka sa hukumomi suka fara kallon murhu. Aka dasa dogayen layukan turare da darbejiya a arewacin tsohuwar Jihar Kano don tare iska, waɗanda har yau matafiyi ke gani a yankin Dambatta. Masana da dama suka yi hasashen itace zai ƙare ƙaf a kewayen Kano, sai binciken da Michael Mortimore da abokansa suka buga a 1990 ya nuna manoman kewayen birni suna kare itatuwan gonakinsu, itacen da birni ke ƙonawa daga nesa ake jigilarsa. A ƙetaren iyaka ma, manoman Magarya da Matamaye sun bar gawo ya sake tsirowa a gonakinsu har ƙasar ta canza kama. Amma itacen gona na mai gona ne. Matar da mijinta ba shi da faɗin gona, saye take yi.

A wannan zamani ne aka shiga ƙera ingantattun murahu. A Nijar aka yaɗa wani na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi a shekarun 1980, maƙeran gida ke buga shi da tsohon ƙarfe. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta ƙera nata murahu da na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana. Daga baya ƙungiyar DARE ta Kaduna da atmosfair ta Jamus suka kawo Save80, wanda sunansa ke iƙirarin rage kashi 80 na itace, tare da wani akwati da ake saka tukunya a ciki ta ƙarasa dahuwa da zafinta. Aiki ne mai kyau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara a duniya, don haka duk abin da ya rage shi alheri ne. Sai dai ma'aunin da aka riƙa gwada waɗannan murahu da shi guda ne: itace nawa aka ƙona kafin tukunya ta tafasa. Ba a sa butar maigida a lissafi ba, ba a sa kaskon tsohuwa ba, ba a sa yaran da ke kewaye wuta da hantsi suna jin ɗumi ba. Murhun da ya killace zafinsa duka a gindin tukunya guda ya ci jarrabawar injiniya, amma da hunturu ya kama sai a ga uwargida ta jingine shi ta mai da duwatsunta, a ce mata ba ta son ci gaba.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya. A Turai da Amurka, murahun ƙarfe na ƙarni na 19 suna zuwa da tankin ruwa manne a gefe, wasu kuma da bututu da ke ratsa bayan wuta ya haɗu da tanki a tsaye. A Indiya, a farkon shekarun 1950, injiniya S. P. Raju na Haidarabad ya tsara murhun laka da hayaƙi ke bi ta ƙarƙashin tukwane a jere kafin ya hau bututu, ta ƙarshe ta ruwa ce. Haka murhun Lorena da aka fito da shi a Gwatamala bayan girgizar ƙasar 1976, kodayake gwaji ya nuna daga baya cewa tulin lakarsa yana shanye zafi mai yawa, bai rage itace yadda aka zata ba. Sirrin mai bututu kuwa ba ya buƙatar famfo ko lantarki. Ruwa in ya yi zafi nauyinsa raguwa yake. Idan aka ɗora duro sama da murhu, aka fito da bututu daga gindinsa ya naɗe hanyar hayaƙi ya koma cikinsa ta sama, ruwan da ya ɗumama zai hau da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, haka zai yi ta zagayawa muddin akwai wuta.

Abin yana da sharuɗɗa, kuma tarihin waɗancan ƙasashe ya biya kuɗin sanin su. Bututun da aka cusa cikin tsakiyar wuta ba asara yake tarewa ba, rabon tukunya yake sata, sai girki ya daɗe a ƙara itace. Wurinsa bayan tukunya ne, inda hayaƙi ya riga ya gama aikinsa. In kuma aka zuƙe wa hayaƙi zafi fiye da kima, ba zai iya hawa ba, sai ya dawo wa mai girki, kunkunniya ta toshe hanya. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa yana barin farin ɓawo a cikin bututu har ya tsuke shi. Mafi haɗari duka shi ne a rufe duro ruf: tururi in ya rasa mafita fasa ƙarfe yake, kuma an yi asarar rayuka a Turai da Amurka lokacin da ƙanƙara ta toshe irin waɗannan bututai aka hura wuta a kai.

Yau, shekara talatin da 'yan kai bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, murhun itace ya dawo har gidajen da suka yi ban kwana da shi. An janye tallafin kananzir a 2016, risho ya zama kayan tarihi; an janye na fetur a 2023, kuɗin dakon komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin albashi. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, ana dashe ta gaba, gatari yana bi ta baya. Ni dai ban ga alamar gidan talaka ne zai fara karɓar duro da bututu ba, domin mai girki da kara a fili ba ta da hanyar hayaƙin da za a naɗe, sai an fara gina mata murhu rufaffe, kuɗin duro da na walda kuma ya fi na itacen wata guda. Inda abin zai fara kama ƙasa shi ne inda wuta ke ci tun safe har dare a wuri guda: gidajen burodi, madafar makarantun kwana, masu suyar ƙuli-ƙuli, masu shayin tasha, da manyan gidaje masu tukunya guda. Ɗakin girkin makarantar kwana da ke ciyar da ɗaruruwan yara yana sakin zafin da zai ishi dukkansu wankan safe, alhali yaran suna karya ƙa'ida suna hura wutar sata a bayan ɗakin kwana don ɗumama ruwa a gwangwani.

Kayan aikin duk suna nan a kasuwar Kazaure: tsohon duro, bututun ƙarfe, laka da ramno, da masu walda waɗanda ke haɗa ƙofa da injin markaɗe da ido kawai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana cikin garin, ɗalibanta na neman aikin kammala karatu kowace shekara. Abin da za su auna a fili yake: tsawon bututun da hayaƙin murhun makaranta zai ɗauka bai shaƙe ba, tazarar da ta kamata tsakanin bakin murhu da gindin duro, da wata nawa ruwan rijiyoyin Roni ko na Babura zai yi kafin ya toshe bututu mai faɗin inci guda. In sun zo zana murhun kuma, su zauna da matan da ke girki a kansa su tambaye su inda za a bar wa buta wuri.